Tukunyar Dalma a Tsakar Gidana

Ranar da Zainab ta dawo da lemon tsami huɗu da ƙusoshi da guntayen waya, ta jona su ɗan ƙwan fitila ya kawo haske a gabanmu, ni na fi kowa tafi. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na ce ta ɓoye kayan a jaka kada babanta ya gani.

Zainab autata ce, shekararta goma sha ɗaya, tana aji shida na firamare a nan Kontagora. Yayyenta biyu suna ɗakunan mazajensu. Kowace Asabar akwai ajin kimiyya da wata Malama Christiana, 'yar wajen Rijau, take yi musu a makarantar. Ba zama ake yi ana kwafar rubutu ba, komai da hannu ake yin sa. Wannan satin su tace ruwa mai datti da yashi da gawayi, wani satin su haɗa 'yar fanka da kayan tsohuwar rediyo. Ni aji huɗu na tsaya, ban san kan abin ba, na dai ga yarinya tun daren Juma'a take wanke kayan makarantarta.

Babanta kuwa, Baƙo mai dalma ake ce masa. Matattun batura yake saye, na mota da na sola, ya fasa su, ya cire dalmar ciki ya narkar a tukunya, ya zuba ta ƙanana-ƙanana irin wadda masunta ke ɗaurawa a bakin raga don ta nutse. Daga Yawuri da wajen Zugurma ake zuwa saye. Da a bayan kasuwa yake aikin, sai masu shagunan kusa suka ce hayaƙinsa ya ishe su. Ya kwaso kayansa ya dawo tsakar gida, taku biyar tsakaninsa da murhuna.

Shi ma ya ga hasken lemon nan. Ya duba, ya sake dubawa, ya yi dariya.

"Ashe injiniya gare ni a gida ina ta wahala ni kaɗai. To daga gobe in kin dawo makaranta, ga aiki."

Zainab ta ce, "Baba, Malama ta ce ko ƙaramin batirin tocila kada mu fasa. Ta ce akwai guba a ciki."

"Malamar taku ta taɓa fasa ko guda ɗaya? Ni shekarata ashirin ina wannan aiki, ga ni a tsaye. Ko karatun naku na wasa da lemo ne kawai, in an zo wajen na gaske sai gudu?"

Na ce, "Malam, yarinya ce fa."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Hannunta ƙarami ne, zai shiga inda nawa ba ya shiga."

Mahaifiyarsa, Inna Fure, tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Ke Aminatu, uba ya sa 'yarsa aiki kina sa baki? Mu a shekarunta har ƙaiƙayin gero ba mu sani ba don sabo."

Na yi shiru. Wannan shirun nawa har gobe ina neman gafarar Allah a kansa.

Ga yadda aikin yake. Shi zai sara batir da gatari, ya tsiyaye ruwan a kwata. Ita za ta zauna a ƙasa ta zare faifan dalmar ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe baƙin garin da ke jikinsu, ta tara. In ya ɗora tukunya, ita ce mai fifita wuta, fuskarta a kan hayaƙin. Daga azahar har a kira magariba. Garin nan kuwa ko'ina yake sauka, kan tabarma, kan kuɓewar da na shanya, kan murfin randa. Ni nake share shi da tsintsiya kullum, yana tashi yana komawa.

In sun gama sai ya miƙa mata kofin nono. Kullum yana tsayar da masu tallar nono na wajen Bobi ya saya musamman. Ya ce duk mai aikin wuta ya san wannan, nono yana wanke hayaƙi daga ciki. Ya sha, ta sha. Ni ma na yarda, har nakan ƙara mata.

Da ciwon ciki abin ya fara. Ta riƙe cibiya tana murɗawa a kan tabarma. Na ba ta jiƙo, na sayo maganin tsutsa. Sai ta yi kwana huɗu, biyar, ba ta zagaya ba. Tuwo ta daina ci, in ta yi loma biyu sai ta ce bakinta ƙarfe-ƙarfe yake yi. Na ce wa babanta ko a ɗaga mata aikin kwana biyu.

Ya ce, "Ciwon shawara ne, kowane yaro yana yi. A ƙara mata nono."

Bayan wata biyu sai malamin Islamiyya ya aiko a tambaye ni lafiya. Yarinyar da take gaba da kowa a hadda, yanzu sura ɗaya ta yi sati uku tana maimaitawa. Na zaunar da ita na ce ta karanta mini. Ta fara, ta kai tsakiya, ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Umma, ya gudu." Ta fashe da kuka. Nan gabana ya fara faɗuwa, bai kuma daina ba.

Ga faɗa da ta koya, yarinyar da ba ta da hayaniya. Abu kaɗan sai ta jefar da kwano. Ga ciwon kai. Ran nan na miƙa mata moɗa, hannun ya saki, ruwa ya zube a ƙafarta, ita kanta ta tsaya tana kallon hannun kamar ba nata ba. Duk da haka Asabar ba ta wuce ta. Ko tana jan ƙafa sai ta je ajin nan. Ranar ce kaɗai take wuni ba ta shaƙi hayaƙi ba, don in ta dawo nakan ce ta gaji, in tura ta gidan yayarta.

Wata Asabar da hantsi sai ga Keke Napep a ƙofar gida. Malama Christiana ce ta shigo rungume da Zainab, hijabinta duk ƙasa, bakinta da jini inda ta ciji harshe. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malamar ta ce, "Mama, faɗuwa ta yi a aji. Jikinta ya sandare, tana ta jijjiga. Yanzu ta dawo, amma a kai ta asibiti. Na so in wuce da ita, na ce sai da izininku."

Inna Fure ta taso. "Me take yi ta faɗi?"

"Suna haɗa waya ne da ƙaramin batir, Kaka."

"To! Kun ji ko! Wuta ta ja ta. Tun farko na ce wannan wasa da lantarki ba na 'ya mace ba ne."

"Kaka, batirin tocila ne. Ko a harshe aka ɗora shi ba ya jan mutum."

Malamar tana magana sai ta yi tari. Ta juya. Babanta yana tsugune gaban tukunya, dalma tana tafasa, hayaƙi yana tashi fari-fari. Ta kalli tarin batura a jikin bango, ta kalli kwatar da ruwan batir ya cinye simintinta, ta kamo hannun Zainab ta duba ƙarƙashin faratanta. Na ga fuskarta ta sauya.

Ta ce, "Baba, don Allah, yarinyar nan tana taɓa waɗannan?"

Ya ce, "Ba ku kuka koya mata ba?"

"Mun koya mata kada ta taɓa. Baba, dalma guba ce. Ba ka ji yaran da suka mutu a ƙauyukan masu haƙar zinariya ba? Ita ce fa. Babba yana iya daɗewa bai ji ba, yaro kuwa kai take hawa masa."

Ya miƙe, ya goge hannu a riga. "Malama, a ajinki ta faɗi ko a gidana? Shekara ashirin ba wanda ya faɗi a gaban tukunyar nan. Ke wata nawa kika yi da ita kin dawo mini da ita a sandare. Kin ci darajar ke mace ce. Ga hanya nan."

Har zaure na raka ta. Ta rubuta lambarta a 'yar takarda ta damƙa mini. Ta ce, "Mama, ni ba likita ba ce. Amma ina roƙon ki da girman Allah, ki raba ta da wurin nan."

A ranar ya yanke hukunci, ba ita ba ajin Asabar. Kun ga kenan, ranar hutunta guda ɗaya ita ma ta koma gaban tukunya. Ya ce zaman banza ne yake sa yaro tunani, gara ta riƙa motsa jiki. Sati biyu tana fifita wuta a zaune, tana gyangyaɗi, in ta kusa faɗawa ya daka mata tsawa.

Da ta kasa tashi gaba ɗaya sai aka kwantar da ita a ɗakin Inna. Inna ta ce kada a fitar da ita ko ƙofar gida, masu baki sun yi yawa. Tagar ɗakin nan kuwa daidai kan tukunyar take. In na rufe, Inna ta buɗe, ta ce zafi zai kashe su. Aka kira mai ruƙiyya, ya yi kwana uku yana karatu. Ni ban raina ayar Allah ba, ni ma tofi nake yi mata bayan kowace salla. Amma shi kansa malamin, a rana ta uku da zai fita, ya toshe hanci da hannun riga ya ce wa babanta, "Malam Baƙo, a haɗa da asibiti." Babanta ya ce to. Bai kai ta ba.

Na same shi yana cin abinci, na durƙusa. Na ce, "Malam, ka dubi Allah ka dubi yarinyar nan. Ko a gwada maganar malamar, a kashe wutar sati ɗaya mu gani."

Ya ce, "In kashe mu ci me? Tuwon da ke gabana daga ina ya fito? Kuma in na kai ta asibiti suka ce dalma ce, gobe hukuma ta zo ta kwashe mini kaya, ke za ki ciyar da mu? Ciwo da lafiya duk na Allah ne. Ke dai ba ki da tawakkali."

Wannan kalma ta tawakkali da ita ya ɗaure ni. Kullum in na ɗaga hannu ina addu'a sai in ji tsoro biyu, tsoron in rasa 'yata, da tsoron ko imanina ne ya yi rauni.

Ranar wata Laraba ya ɗauki kaya ya tafi Yawuri. Da hantsi na shiga ba ta kunu. Na kira ta, ta buɗe ido, amma idon ba ni yake kallo ba, gefe ɗaya ya karkata. Ta yi amai. Na ce, "Zainab, wa ke magana?" Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Na fita bayan ɗaki na kira lambar nan.

Malama Christiana ta ce, "Mama, yau. Ba gobe ba. Ki fito, zan same ki a bakin asibiti."

Na kira babanta. Ya ce, "Ki jira in dawo jibi. In kika fita da ita ban yafe ba." Ya kashe waya.

Shekarata ashirin da shida a gidan nan, ko gidan suna ban taɓa zuwa ba sai ya ce je ki. Na tsaya a tsakar gida riƙe da waya, ban san inda zan sa kaina ba. Sai na ji Inna tana salati da ƙarfi. Na ruga. Zainab ta sandare, bayanta ya lanƙwashe, dugaduganta suna dukan tabarma, kumfa a baki. Na riƙe kanta ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wancan karon an ce mini bai daɗe ba. Wannan ya ƙi tsayawa.

Da ya lafa na sunkuce ta na goya da zani. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya, wallahi ba ta kai nauyin tulun ruwa ba. Inna ta riga ni zaure, ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Ina za ki? Mijinki ya hana. Aljanna kike so ko wuta?"

Na ce, "Inna, in laifi ne ni zan amsa a gaban Allah. Ki matsa."

"In kin fita kada ki dawo."

Na ce to. Na bi ta ƙarƙashin hannunta na fita, takalmi ma ƙafa ɗaya na saka.

A asibiti suka karɓe ta da gudu, suka yi mata allura, jijjigar ta tsaya. Likitan, wani mai furfura, ya ɗaga leɓenta ya kira ni. Ya nuna mini wani siririn layi mai duhu a dasashinta, daidai gindin haƙora. Ya tambaye ni aikin da ake yi a gidanmu. Malama Christiana ce ta faɗa masa. Ya ajiye biro.

"A ina kike girki?"

"Nan kusa da wurin."

"Ruwan sha fa?"

"Randa tana tsakar gida."

"Wata nawa tana aikin?"

"Biyar." Na ce, "Amma likita, kullum tana shan nono."

Ya dube ni, ba da faɗa ba. Ya ce, "Baiwar Allah, nono abinci ne. Ba ya fitar da dalma."

Aka ɗebi jininta aka aika wani gari, don ba a gwajin a nan. Ni ma aka ɗebi nawa. Kwana shida muna jira, ita tana kwance da ƙarin ruwa, ni ina kan benci da carbi. In ta motsa gabana ya faɗi, in ta daina motsi in kai kunne hancinta. Malama Christiana kullum in an tashi makaranta sai ta zo da kunu a fulas. Ran nan ta zo da 'yan ajinsu uku, suka tsaya a bakin taga suna ɗaga mata hannu. Zainab ta kalle su kawai.

Sakamako ya dawo, dalma ce, mai yawa. Aka samo magani da ƙyar aka fara ba ta. Likita ya ce rai dai in sha Allah an tsira da shi. Abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa kuwa, wani zai dawo, wani ba zai dawo ba, ba wanda zai iya yi mini alkawari. Ya ce abu ɗaya ne a hannuna, kada ta sake kwana a gidan nan. Ko an daina aikin, ƙasar tsakar gidan sai an kankare ta an zubar. In ta koma, maganin banza ne.

Babanta ya zo asibiti sau ɗaya. Da likita ya nemi ganinsa sai ya ce zai je ya yi salla, bai dawo ba.

Da aka sallame mu gidan yayana na wuce. Yanzu watanmu biyu a nan. Zainab tana tafiya, amma tana jan ƙafar dama. Tana cin abinci. Magana sai a hankali, in ka tambaye ta abu sai ka jira. Makaranta tukuna. Wani lokaci sai ta zauna ta yi awa guda tana kallon bango, ni kuma ina kallon ta, ina jiran ko jijjigar za ta dawo.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar sai ga shi da dattawa biyu na unguwarmu, sun zo biko. Aka shimfiɗa musu tabarma, yayana ya kira ni. Babban cikinsu, limamin unguwa, ya yi doguwar nasiha. Ya ce mace ba ta da kamar ɗakinta, ya ce Malam Baƙo ya yafe mini fitar da na yi ba izini, ni ma in yi haƙuri. Abin da ya faru ƙaddara ce.

Na ce, "Na ji, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya gare ni. An kashe wutar?"

Babanta ya ce, "Na matsar da ita bayan ɗaki. Na kuma sa an share gidan tas, har ruwa aka yayyafa."

"Likita ya ce a kankare ƙasar."

"Likita ne zai gaya mini yadda zan yi da gidan ubana? Ke dai kin samu masu zuga ki. Ga yarinya nan ta warke, sai me kuma?"

Na duba rigarsa. Wankakkiya ce ta Juma'a, amma faratansa baƙi ƙirin.

Ashe Zainab ta ji muryarsa daga ɗaki. Ta fito tana dafa bango, ta zo ta durƙusa a gabansa kamar yadda na koya mata. Ta daɗe kafin gaisuwar ta fito. Ya ce, "Kun gani ko? Lafiyarta ƙalau." Dattawan suka ce ma sha Allah.

Sai ta fara naɗe hannun rigarta, na dama ya ƙi naɗuwa don yatsun ba sa riƙewa, ta sa haƙori ta ja. Ta miƙa masa hannuwan biyu suna karkarwa. Ta ce, "Baba... kada ka yi fushi. Na huta. Ina baturan?"

Ɗaya dattijon ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani.

Na tashi na warware mata hannun rigar, na ɗaga ta tsaye. Na ce, "Baba Liman, ku gafarce ni. Auren yana hannunsa, ya riƙe ko ya saki, duk wanda ya yi na karɓa. Wannan kuwa amana ce Allah ya ba ni, sau ɗaya na yi shiru a kanta, kun ga abin da ya rage mini. Ba za ta koma ba."

Na ja ta muka shiga ɗaki, na tura ƙofa.